Tallan rigunan Kawu a intanet: abin da nake rubutawa tun da muka fara

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau muka buɗe aiki. Kawu ya amince in riƙe tallan shagonsa a Facebook da Instagram da WhatsApp daga yanzu har bayan Babbar Sallah, bisa sharaɗi biyu: ba zan sa fuskar kowa ba, kuma ba zan karɓi aikin kowa ba sai na tambaye shi.

Sana'arsa manyan riguna ce na ɗinkin hannu, irin waɗanda ake kira aska biyu da aska takwas da malum-malum gwargwadon fasalin ɗinkinsu, sai 'yan kaftani da huluna. Shagon yana cikin birnin Zariya, amma ba a nan ake ainihin aikin ba. Shadda daga Kantin Kwari yake sayo ta, tela ya yanka ya haɗa, Malam mai zane ya fitar da fasalin a jikin yadin, sannan a rarraba wa masu ɗinki, maza a zauruka, mata a cikin gidaje. In an gama a wanke, a kai wa masu bugu. Duk wannan hanyar riga ɗaya take bi kafin ta kwanta a leda.

Har yau dillalai ne ke kwashe mafi yawan kayan zuwa Kano da Kaduna da Abuja. Su suka san mai saye, su ke yanka farashi, Kawu kuma ya jira kuɗi sai sun ga dama. Abin da nake nema shi ne mai saye ya same mu kai tsaye, kuɗin da ke maƙalewa a hanya ya dawo gida, har a samu abin da za a ƙara wa masu ɗinki. Da wannan zan auna aikin, ba da yawan mabiya ba.

Na yanki sabon layi da sunan Kawu, don lambar ta zama ta shago ba tawa ba. Na sa mata WhatsApp Business. Na kuma sayi littafi mai layi, duk wanda ya yi tambaya zan rubuta garinsa da abin da ya tambaya da inda ya gan mu.

Asabar, 19 ga Oktoba

Hoto ne ya cinye makonnin nan. Shadda tana da wuyar ɗauka. Farar shadda da aka buga, in rana ta take, waya ba ta ganin komai sai fari fat, zaren ya ɓace a ciki. A cikin shago kuma ƙwan lantarki yana mayar da ruwan madara rawaya, ruwan toka ya koma shuɗi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mutumin da ya biya kuɗin ruwan toka aka kai masa wani launi daban da wanda ya gani a waya, ba zai ce laifin haske ba ne, cewa zai yi an cuce shi.

Wurin da ya fi dacewa bakin zauren gidanmu ne, da hantsi, kafin rana ta leƙo ta kan katanga. Ƙanena yana sa rigar ya buɗe hannuwa, in ɗauka daga wuya zuwa ƙasa. Kowace riga hoto huɗu: gaba, baya, aljihu daga kusa, sai tambarin baya shi kaɗai. Ba na taɓa launi da kowace manhajar gyaran hoto.

Kawu ya duba ya ce, “Sun yi kyau, 'yar nan. Amma riga ai ba a sayenta sai an taɓa.” Na ce, “Kawu, a ba ni lokaci, zan nemo yadda za su taɓa da ido.”

Litinin, 28 ga Oktoba

Mako guda ke nan babu wuta, ba Zariya kaɗai ba, kusan duk Arewa. An lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, wanda ake lallaɓawa da shi ta Benuwai da Jos shi ma ya faɗi. Masu cajin waya da janareta sun ƙara kuɗi, layi kuma har waje. Masu kallon shafinmu sun ragu sosai, ba mamaki, wanda wayarsa ke kashi goma ba zai tsaya kallon riga ba.

Na daina sa bidiyo, hoto ɗaya kawai da yamma. Masu ɗinki dai ko a jikinsu. Allura ba ta shan wuta.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na samu abin da nake nema, kuma a ɗakin Goggo, ɗaya daga cikin masu ɗinkinmu, na same shi.

Zama na mace ya yi rana a nan, domin gidajen da ake ɗinkin ba na shiga ba ne ga maza. Na nemi izinin maigidan, na yi masa alkawarin hannu kaɗai za a gani, ya ce ba komai. Goggo ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, ta ɗora aljihun wata aska takwas a gwiwa. Na kusantar da waya har ana ganin shatin zanen Malam a ƙarƙashin zare. Tana soka allura, ta ja, ta danne da babban yatsa, ta sake sokawa dab da ta farko, ko tsinke ba zai shiga tsakani ba. Yatsanta na tsakiya ya yi kanta. Minti guda na ɗauka, a cikinsa ba ta cike ko faɗin farce ba. Ban sa kiɗa ba. Abin da ake ji kawai ƙarar zare yana ratsa shadda, da kaji a tsakar gida.

Da za mu tashi sai ta juya rigar ciki waje ta ce, “Nuna musu nan ma. A nan ake gane aiki.” Gaskiyarta. Bayan ɗinkin hannu yana nuna inda aka ƙulla zare da inda aka sake, sawun allura ba ya zama daidai wa daida. Na kwamfuta kuwa bayansa shafe yake da zaren ƙasa a jere, sau da yawa har da ragowar takardar da ake liƙawa don yadin ya tsaya. Na ari rigar kwamfuta wajen tela, na ajiye su gefe da gefe, na juya kowacce.

Waɗannan bidiyo biyu sun yi tafiyar da duk hotunan wata guda ba su yi ba. Abin da ya fi burge ni irin tambayoyin ne. Da “nawa ne?” kawai ake rubutowa a wuce. Yanzu ana cewa: wata nawa take ɗauka? Wane zare ne? Za a iya yi mini irin ta mahaifina? Wani dattijo daga Jos ya turo hoton tsohuwar rigarsa da ya ce a Zariya aka ɗinka masa ita lokacin aurensa, yana tambaya ko har yanzu akwai masu wannan hannun. Na karanta wa Goggo saƙon. Ba ta ce komai ba, amma ta sa na sake karantawa.

Daga yau tsarin mako ya zauna: bidiyon aiki biyu, riga gamammiya ɗaya, ranar Juma'a da safe kuma hula.

Lahadi, 8 ga Disamba

Mun fara tallan kuɗi. Kawu ya ware abin da bai kai ribar riga ɗaya ba, ya ce in ya ƙare sai mu zauna. Ga wanda bai taɓa yi ba: kana zaɓar garuruwan da za a nuna tallan, da shekarun masu gani, da abin da za a ci a kullum, sannan ka zaɓi inda mutum zai faɗa in ya danna. Akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan abin da ka kashe, a sa shi cikin lissafi tun farko.

Na zaɓi Abuja da Kaduna da Kano, maza daga shekara talatin zuwa sama, maɓallin kuma ya kai mutum WhatsApp ɗinmu kai tsaye. Zariya ban sa ta ba. Bazazzagin da ke son babbar riga ya san ƙofar da zai bi, ba sai na biya kuɗi na nuna masa ba. Bidiyon juya riga na sa, tunda shi ya riga ya nuna yana jan mutane ba tare da ko kwabo ba. A ganina wannan ita ce ƙa'ida: abin da bai motsa kowa a kyauta ba, kuɗi ba zai sa ya motsa su ba.

Mun yi muhawara kan farashi. Kawu ba ya son a rubuta, ya ce ciniki a baki ake yinsa, kuma abokan sana'a za su gani. Ni kuma na nuna masa littafi: yawancin masu tambaya suna jin kuɗin suke ɓacewa, domin farashin na kwamfuta ne a kansu, ni kuma na ɓata rabin yini ina amsawa. Mun tsaya a tsakiya, ana rubuta “daga kaza zuwa sama, gwargwadon shadda da nauyin aiki”. Saƙonni sun ragu, amma masu zuwa yanzu da niyya suke zuwa.

Wata lura: mata da yawa ne ke saye, na angwaye da na iyaye. Lokacin bukukuwa ne. Zan buɗe tallan ga mata ma.

A farkon Disambar 2024 aka fara cire naira 50 a kan kuɗin da ya kai 10,000 da ya shigo asusun irin su OPay da Moniepoint, kamar yadda ake yi a bankuna. Ba yawa, amma na buɗe masa gurbi a littafi.

Asabar, 25 ga Janairu, 2025

Wani shafi ya kwashi hotunanmu yana tallan rigunan a rabin kuɗi. Wata baiwar Allah ce ta turo mini, tana tambaya ko reshenmu ne. Na kai ƙara ta hanyar da manhajar ta tanada, na kuma sanar a shafinmu cewa lamba ɗaya gare mu, asusu ɗaya, da sunan shago. Yanzu kowane hoto akwai ƙaramin kati mai sunan shagon a maƙale a jikin aljihun rigar, inda ba a iya yanke shi sai an yanke aikin. Duk mai shakka kuma ina kiransa ta bidiyo ya ga rigar a hannun Kawu.

A makon nan hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Zai taɓa mu ta fuska biyu: kuɗin ɗora bidiyo, da kuma mai kallo da zai fara tsumulmular data. Zan gajarta bidiyo, abin da ya fi muhimmanci ya zo a daƙiƙun farko.

Amma babban abin da ke gabana lissafin Sallah ne. Ana sa ran azumi farkon Maris, Sallah ƙarshensa. Na zauna da Kawu muka lissafa masu ɗinkin da ya yarda da hannunsu, da abin da kowa ke iya gamawa. Babbar riga mai nauyin aiki takan ci wata biyu ko fiye a hannun mace mai girki da raino. A azumi kuma aiki yana raguwa, ido ba ya jure zare da yunwa, yamma ta tafi a madafa. Sai a cire kwanakin wanki da bugu da tafiya. Da muka ƙirga da baya daga ranar Sallah, sai ga shi manyan riguna yanzu ne lokacin karɓarsu, ba gobe ba. Abin da na rubuta a shafi ke nan, da ranar rufewa ƙarara.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na kashe tallan kuɗi jiya, a daidai lokacin da ya fi kowane lokaci kawo mutane.

Gurbin manyan riguna ya cika. Ƙanena ya ce wannan wauta ce, kasuwa ta buɗe ana rufe ƙofa. Wani dillali da ya ji labari ya zo har shago da shawara: a ci gaba da karɓa, a ba masu kwamfuta su yi jikin, mata su bi gefe-gefe da hannu, wa zai gane a hoto? Kawu ya saurare shi har ya gama, ya ce, “Alhaji, mun gode. Amma mu muka koya wa mutane juya riga.”

Na daɗe ina tunanin wannan. Duk abin da ake koyarwa game da talla a intanet an gina shi ne kan kayan da in an nema za a ƙaro: ka ga tallan yana ci, ka ƙara masa kuɗi. Namu ba haka yake ba. Hannun Goggo ba ya ƙara sauri don mutum dubu sun ga bidiyonta. In na karɓi abin da ya fi ƙarfin masu ɗinki, ɗayan uku ne zai faru: a matsa musu su yi aikin gaggawa, ko a saɓa alkawari, ko a yi algus. Kowanne a ciki zai dawo shafin nan da na sha wahalar ginawa, a rubuce, kowa yana karantawa. Mutanenmu sun sha saɓa alkawarin ɗinkin Sallah har ya zama abin da ake tsammani. Shagon da ya ce ranar kaza kuma ya cika, ya samu abin faɗa da babu hoton da zai ba shi.

Don haka aikin shafi ya sauya. Ba neman sababbi nake ba yanzu. Huluna da kaftani masu sauƙin aiki su nake nunawa, su akwai su a ƙasa. Wanda ya nemi babbar riga ina ba shi haƙuri, in tambaye shi ko in rubuta shi a layin Babbar Sallah. Fiye da yadda na zata suna cewa a rubuta.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya kama ranar 1 ga wata. Lokutan mutane sun juye gaba ɗaya. Da rana shafi shiru, sai bayan asham, sai kuma wajen sahur. Na koma sa abu ƙarfe tara da rabi na dare.

Duk wanda rigarsa ke hannu, ran Alhamis ina tura masa hoton inda aka kai. Ba wanda ya nema, amma tun da na fara kiran “ina labarin rigata?” ya ɗauke. A WhatsApp na raba mutane da alamomin launi: wanda ya tambaya, wanda ya ba da kafin alƙalami, wanda aikinsa ke wajen bugu, wanda aka aika wa.

Shekaranjiya wani ya kira daga Abuja, ya ce zai ninka kuɗi a gama masa aska takwas kafin Sallah. Na miƙa wa Kawu waya. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ba a fafe gora ranar tafiya. In ka yarda da Babbar Sallah, ni da kaina zan zaɓa maka mai ɗinki.” Ya yi shiru, sannan ya ce a turo lambar asusu.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi, 30 ga Maris. Alhamdu lillahi, babu rigar da ta kwana a hannunmu. Ta ƙarshe ta bar tashar Kwangila ana saura kwana uku.

Aika kaya aiki ne mai zaman kansa. Kowace leda ina ɗaukar hotonta a hannun direba, da lambar motar, in tura wa mai kaya da lambar direban. Ba ma sakin kaya don an nuna mana hoton alat, sai Kawu ya ga kuɗin a asusu da idonsa. Sau ɗaya aka gwada mu da na bogi, a kan huluna, bai yi nasara ba.

Ranar idi saƙonni suka yi ta shigowa, mutane sanye da rigunan a Kaduna da Abuja da Jos. Na nemi izinin kowa kafin in sa, na yanke daga wuya. Na kuma bi gidajen masu ɗinki yawon Sallah ina nuna wa kowacce tata a jikin mai ita. Yawancinsu ba su taɓa ganin inda aikinsu ke ƙarewa ba, dillali ya ɗauka shi ke nan.

Lahadi, 4 ga Mayu

Labari ya bazu cewa Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya ce zai iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya saboda tarar da hukumomi suka ci shi. Mafi girma ita ce dala miliyan 220 da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta yanka masa a Yulin 2024, wadda kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar a ƙarshen Afrilun nan. Masu sana'a a intanet duk hankali ya tashi. Ba a manta ba, an dakatar da Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 har Janairun 2022.

Ko ya rufe ko bai rufe ba, shafi aro ne. Abin da yake namu shi ne littafin nan: suna, gari, lamba, awon wuya da tsawo, launin da mutum yake so. Na kwafe shi kashi biyu, ɗaya yana wajen Kawu. Na kuma bi duk wanda ya taɓa saye na roƙe shi ya adana lambarmu, domin saƙon bai-ɗaya na WhatsApp mutum 256 yake ɗauka a jeri guda, kuma ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarka. Bidiyoyin duka na juye su a kwamfuta. Na buɗe TikTok da sunan shago don kada wani ya riga mu, ko da yake masu kallo a can yara ne, hula suke tambaya.

Na Babbar Sallah tun a layin jira suka cika. Ban kunna tallan kuɗi ba ko na yini ɗaya.

Asabar, 14 ga Yuni

An yi layya ranar Juma'a, 6 ga wata, kaya duk sun isa. Jiya muka zauna lissafi da Kawu bayan la'asar.

Dillalai har yanzu suna ɗauka, kuma Kawu ba ya son a yanke su, ya ce sun riƙe shi shekarun da babu waya. Amma yanzu kaso mai kauri na manyan riguna kai tsaye yake tafiya, da rabin kuɗi a hannu kafin a yanka shadda. Da aka cire data da talla da kuɗin mota, abin da ya rage ya isa a yi abin da aka fara aikin dominsa: daga wannan watan an ƙara kuɗin ɗinki a kan kowace riga, maza da mata, har da Malam mai zane. Kawu da kansa ya bi gida-gida ya faɗa.

Ya ce in ci gaba. Matsalar da ke gabanmu ba ta masu saye ba ce, ta hannu ce. Damina ta sauka, maza masu ɗinki rabin yininsu a gona yake. Goggo ta karɓi 'yan mata biyu tana koya musu, amma ta ce kada a sa musu rigar kowa sai sun shekara a kan huluna da wuyan kaftani. Zan riƙa ɗaukar koyon nasu kaɗan-kaɗan, in iyayensu sun yarda, shi zai riƙe shafin a watannin da babu Sallah.

Azumin baɗi zai matso da kusan kwana goma sha ɗaya, wato wajen tsakiyar Fabrairu, Sallah kuma a Maris. Ke nan karɓar manyan riguna zai buɗe tun Nuwamba, ya haɗu da na bukukuwan Disamba. Ranar Litinin zan kai wa Kawu jadawalin ya duba yawan da za mu iya ɗauka.